Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Yau kam ƙorafi na zo da shi, kuma kafin in nuna wani da yatsa bari in fara da kaina, domin ni ma da hannuna a cikin laifin. Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, musamman mu mutanen birni. Ta shiga hirarmu ta majalisa, ta shiga littattafan da muke rubutawa, ta shiga finafinanmu, wani lokaci har kan mumbari takan hau. Ɗabi'ar kuwa ita ce mutum ya ɗauki al'adar garinsu ya mai da ita mudu, duk baƙon da ya zo sai a zuba shi a ciki a auna. In bai cika mudun ba a ce ba shi da tarbiyya, in an matsa ma a ce addininsa da sauran gyara.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ya kai mai karatu. Ina da ɗa, ɗan wana marigayi, wanda ya tashi a gabanmu a nan Kano. Yaro ne natsattse, ba ruwansa da hayaniya. Allah Ya haɗa jininsa da wata yarinya da ta zo karatu daga Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, tana zaune wurin gwaggonta. Bahaushiya ce gaba da baya, kakanta ma bafatake ne daga ƙasar Kano, ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, zama ya kama shi a can. Magana ta fara nisa ke nan sai mahaifiyar yaron ta kwanta asibiti. Ran nan muna zaune a ɗakin, ni da babban wanmu wanda muke kira Yaya Alhaji da wasu matan gida, sai ga yarinyar nan ta yi sallama riƙe da kwanon abinci. Ta rusuna ta gaishe mu, amma gwiwarta ba ta kai ƙasa ba. Yaya ya tambaye ta mutanen gida, ta dube shi ta amsa sarai ba wani noƙe-noƙe, ta ce, "Baba, mamana ya ce in gaishe ku." Matan suka haɗa ido suna danne dariya. Daga nan ta matsa ta gyara wa mara lafiya matashi, ta zuba mata abinci, ta kuma ambaci sunan yaron gatsau a gaban uwarsa, alhali ɗan fari ne, ita kanta uwar ba ta taɓa faɗin sunan nan ba tun da ta haife shi.

Bayan an sallamo mara lafiya aka taru a zauren Yaya a kan maganar auren. Yaya ya lissafo laifuffukanta da yatsu. Na ɗaya, budurwa ta kwaso ƙafa ta zo duba uwar saurayi tun ba a kai gaisuwar iyaye ba. Na biyu, ba ta durƙusa ba. Na uku, tana kallon babba cikin ido, ga Hausarta a karkace. Na huɗu, bincike ya nuna uwarta ba ta cikin kulle, a bakin titi take sayar da shinkafa da wake. Ya rufe da cewa, "Mutanen can ai Musuluncinsu rabi da rabi ne, ba za mu haɗa iri da marasa kunya ba." Aka juyo gare ni aka ce, "Kai me ka gani?" Wallahi na san maganar ba daidai ba ce, amma na sunkuyar da kai na ce, "Yadda Yaya ya ce." Ka ji fa. Kunyar nan da muke tinƙaho da ita, ita ce ta ɗaure mini baki ranar da ya kamata in faɗi gaskiya.

To tun daga ranar nake juya laifuffukan nan huɗu a raina, ina neman wanda ya saɓa wa Allah a cikinsu, har yau ban samu ba. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Zuwa dubiya dai kowane ɗan makarantar allo ya san yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. A wurinmu an saba budurwa ta ɓuya daga dangin saurayi har sai an kai ta ɗaki, kuma wannan kyakkyawar al'ada ce, ban ƙi ta ba. Amma a gidan da yarinyar nan ta tashi, a ji uwar wanda zai aure ki tana kwance ki ƙi leƙawa, shi ne abin kunyar. Ita ta zo ne ta nuna tarbiyyarta, mu kuma muka karanta abin a juye.

Sai durƙuso. Je ka Ilorin ka ga yadda saurayi Bayarabe, Musulmi ɗan Musulmi, yake kwanciya rub da ciki don ya gai da mahaifinsa. In da mudunsa za a auna mu, tsugunon da muke yi ai raini ne. Balarabe kuwa hannu zai ba uban, ya sumbaci kansa, shi ke nan ya gama ladabi. Kai, me ya kai mu nesa? Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 malamanta suke wa'azi a kan a bar durƙusa wa ɗan Adam. Ɗan Yaya na biyu, na cikinsa, a tsaye yake gaishe shi da musafaha. Yaya yakan yi ƙunƙuni, amma daga ƙarshe cewa yake, "Ku bar shi, aƙidarsa ce." Aiki ɗaya ne fa. Da ɗan gida ya yi shi sunansa aƙida, da baƙuwa ta yi rabinsa sai ya zama rashin tarbiyya.

Maganar Hausarta kuwa, Hausar zangunan Gana ba ta cika rarrabe namiji da mace ba, "ya ce" ake cewa ko mace ce ta faɗa. Karin harshe ne kamar kowane. Basakkwace cewa yake "mi kaka so", mutumin Maraɗi yana kiran malamin makarantar boko "mushe" saboda Faransanci ya ara, mu a nan in muka ji mushe sai mu toshe hanci. Mu da muke dariya ba mu ne masu cewa tebur da fensir da mota ba? Kowa ya ara daga wanda ya mulke shi ko wanda ya zauna da shi. Kuma kafin mutum ya ce Musuluncin zango rabi ne, ya kamata ya san Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Karaci ya karantar har ya rasu a 1934. Yana cikin manyan malaman da suka yi rubutu da ajamin Hausa da Larabci, almajiransa kuma sun bazu a zangunan ƙasar. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Ahalari da Ishmawi da Risala, su ake karantawa a can. Alƙibla ɗaya, mazhaba ɗaya.

Na huɗun shi ya fi ci mini rai. Matar nan da aka raina don tana sayar da abinci a bakin titi, da kuɗin shinkafa da waken nan ta yi wa 'ya'yanta karatu bayan mijinta ya rasu, da shi ta sauke farali a Makka. Ni ba na sukar kulle. Tsohuwar al'ada ce a birninmu, Tarihin Kano ma ya danganta farkonta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma gidaje da yawa suna zaune lafiya a kanta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, matanmu na kulle su ma sana'a suke yi. Suna soya ƙosai, suna dafa alala, suna ƙulla gyaɗa. Wa ke fita da kayan? 'Yar shekara tara ko goma, da faranti a ka, tana yawo tsakanin tasha da garejin makanikai har bayan magariba, ga makaranta ta wuce ta. To don Allah wanne ya fi kusa da kare mutunci, dattijuwa mai shekara hamsin ta lulluɓe jikinta ta zauna gaban tukunyarta, ko a kulle uwa a saki ƙaramar yarinya cikin maza? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga mazan da ke ajiye matansu da 'ya'yansu mata a gida ba tare da sun karantar da su ba. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, mata ne suke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jajinsu, su yi tafiya mai nisa su zo ɗaukar karatu wurinta, su ne 'Yan Taru. Ba a ce musu marasa kunya ba. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu bari in juyo kan 'yan'uwana marubuta, domin mu ne muke yi wa wannan ɗabi'a ban ruwa. Ɗauki littattafan soyayyar da suka cika kasuwa tun daga wajen 1990, ka haɗa da finafinan da suka biyo bayansu, ka lura da yadda ake rabon hali. Yarinyar kirki 'yar cikin birni ce, Kananci take yi tsantsa, kanta a ƙasa. In ana son watsattsiya sai a ɗauko ta daga Jos ko Kaduna ko Legas, a sa mata cingam a baki. In ana son a ba mutane dariya sai a kawo Basakkwace ko mutumin Nijar, a ba shi gadi ko ga-ruwa, a sa shi yana kwaɓa magana. Baƙauye kullum wawa ne, har sai ya shigo birni an wanke shi. Sau nawa ka ga an ba mutumin Damagaram matsayin malamin da ake zuwa wurinsa neman fatawa? Sau nawa ka ga jarumar labari 'yar zango ce, kuma aka bar ta da halinta na kirki har ƙarshen littafi? Wannan ragwanci ne na rubutu. Marubuci ya ƙi wahalar gina mutum da halinsa, sai ya manna masa sunan gari ya ce mai karatu ya ƙarasa sauran. Ɓarnar kuwa ba a takarda take tsayawa ba. Matan da suka danne dariya a ɗakin asibitin nan, sun riga sun ga yarinyar a fim tun kafin ta yi sallama.

Abin da ya kamata mu gane shi ne bambancin nan yana da tarihi, ba daga sama ya faɗo ba. Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina suka yi arewa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, na Zazzau suka yi kudu suka kafa Abuja ta asali, wadda yanzu ake kira Suleja. Kowane ɓangare ya ci gaba da tsarinsa. Daga baya Ingila da Faransa suka zo suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, wa da ƙani suka wayi gari ɗaya yana koyon Turanci ɗaya Faransanci. Fatake suka zauna cikin Asantawa da Dagwambawa. Waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira, bayan an kashe shi a Burmi a 1903, suka ƙarasa Sudan suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Mutanen da suka shekara ɗari da ɗoriya suna shan ruwa daban-daban, ta yaya za ka ce sai gaisuwarsu da zamansu da surukai sun zo daidai da na unguwarku?

Kuma wannan gardama ba yau aka fara ta ba. A farkon jihadi an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno da Muhammadu Bello, Bello ya adana su a littafinsa Infaƙul Maisuri. El-Kanemi ya kafa hujja da cewa abubuwan da ake zargin mutanen Barno da su, irin su fitar mata ba lulluɓi da cin hanci da zaluncin mahukunta, saɓo ne wanda babu ƙasar da ta kuɓuta daga irinsa, har Masar, kuma saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Bello ya mayar masa da cewa babbar matsalar ita ce sarakunan Barno sun goya wa masu yaƙar jama'ar Shehu baya, ga kuma wasu ayyuka da yake ganin shirka ne. Ba ni ne zan raba gardamar manya ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, su da iliminsu sai da suka zauna suka rubuta hujja, suka saurari amsa, kafin su yanke wa mutanen wata ƙasa hukunci. Mu kuwa a zaman shayi ɗaya muke raba wa ƙasa guda takardar rabin Musulunci.

In kana son ka ga inda wannan hali yake kaiwa, tuna rigimar ƙabalu da sadalu. Daga shekarun 1950 har zuwa 1965 an yi ta tashin hankali a lardin Sakkwato a kan mutum ya kama hannu a ƙirji ko ya sake shi a cikin salla, har aka rasa rayuka. A wancan lokaci ƙabalu ta zama kamar tambarin Tijjanawa masu bin Shehu Ibrahim Inyas, waɗanda ƙarfinsu yake Kano, sadalu kuma ta zama tambarin mutanen Sakkwato. Yau shiga kowane masallacin Juma'a, za ka ga mai ƙabalu kafaɗa da kafaɗa da mai sadalu, ba wanda ya kula. Waɗanda suka mutu fa?

Malamanmu na Malikiyya ba su bar mu a duhu ba. Imamu Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi ga mai ba da fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa kada ya ɗora shi a kan al'adar garin shi mai fatawar, ya fara tambayarsa yadda ake yi a garinsu, matuƙar hukuncin irin wanda ke rataye da al'ada ne. In an ɗora wa mufti wannan sharaɗi, ina ga ni da kai da ba mu sauke Risala ba?

Kada wani ya ce na ce komai daidai ne. A'a. Akwai abin da ba ya canjawa daga gari zuwa gari. Salla biyar ce a Kano, biyar ce a Kumasi. Zina da ƙarya da cin amana da tauye mudu haramun ne a Maraɗi kamar yadda suke haramun a Zariya. In al'ada ta ci karo da wannan, al'ada ce za ta kauce, ko ta gidan wa ce. Mukan yi wa mutanen Maraɗi da Tsibiri gorin bori, domin a can sarautar Iya da ta Inna sun daɗe da alaƙa da shi a fili. To, bori kam ban kare shi ba. Amma motocin da ake fakawa a ƙofar boka da tsakar dare a garin nan namu, daga Nijar suke zuwa? Mu ne fa muka kai ga yawan sakin aure har hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a taro a 2012. Mu ne muke wuce almajiri ɗan shekara shida a kwance a bakin kwata mu shige masallaci. Abin da nake roƙo kawai a yi awo da mudu ɗaya. In za a tambayi asalin yarinya, a tambaya tana salla? Tana da gaskiya? Tana jin ƙan iyayenta? Waɗannan tambayoyi uku ba wanda ya yi su a zauren Yaya, har da ni.

Kakanninmu sun fi mu dabara a wannan fanni. Sun san halin garuruwa ya bambanta, sai suka mai da abin wasa. Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bafillatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe, kowa ya tsokani ɗan'uwansa a yi dariya a tashi, ba mai riƙe wani a zuci, kuma in ɗayan ya shiga wahala abokin wasan ne kan gaba wurin taimako. A Nijar sun riƙe wannan al'ada da daraja har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014. Mu kuma mun bar wasan mun riƙe gorin. Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma sanar da mu cewa an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna, fifiko kuwa na mai taƙawa ne. Muna karanta ta a salla, mu fito mu manta.

Don haka ina kira ga marubuta, in za ku sa baƙo a labari ku ba shi hankali da zuciya irin na kowa. Ina kira ga masu wa'azi, ku riƙa rarrabe mana abin da Allah Ya ce da abin da garinmu ya saba. Iyaye kuma, a yi bincike kafin aure, wannan wajibi ne, amma a binciki mutum, a bar taswira.

Ni dai daga baya na yi ƙarfin hali na sami Yaya shi kaɗai bayan sallar asuba, na ce, "Yaya, a gafarce ni, maganar nan ta yaron nan ina ganin mun yi gaggawa." Ya yi shiru ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Me ya hana ka faɗa a ranar?" Ban sami amsa ba. Lokacin kuwa yarinyar ta gama karatunta ta koma gida, an ce har an yi mata miji a can. Yaron bai yi wa kowa rashin kunya ba, yana zuwa gaisuwa, yana durƙusawa har ƙasa yadda muke so. Sai dai har yau bai sake kawo maganar aure ba. Ranar Sallar da ta wuce na ja shi gefe ina ba shi haƙuri, ina cewa halin Yaya ne sai a hankali. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Baffa, ai kai ma kana wurin."

Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani da wanda muka yi shiru a kai muna sane. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon faɗarta a lokacinta, amin. Wassalam.